Tozon Tokuji

A cikin duk mutanen da suka taɓa sauka a tashar jirgin ƙasa ta garinmu Namiura, babu wanda ya kai Kumagai Tokuji tsawo, babu kuma wanda ya kai shi baki. Kujerun tausa yake sayarwa a wani kanti a Saitama, kuma sana'ar ta bi jikinsa, ko gaisuwa zai yi sai ya zuba mata gishiri. In ka ce ka taɓa hawa dutse, shi a kan dutse aka yanke masa cibiya. In ka ce haƙori na damunka, nasa ciwon har likitoci sun zo kallo daga Osaka.

Aure ne ya kawo shi a tsakiyar zafin bazara. Shekarunsa hamsin da biyu bai taɓa yi ba, wai zaɓi ne ya yi masa yawa. Sai ga Sumie, 'yar garinmu da mijinta ya daɗe da rasuwa, ta je birni duba wa mahaifinta kujerar tausa. Kujerar dai ba ta saya ba, amma mai kujerar ya maƙale mata. Yana sonta so na gaskiya, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba, don a gabanta kaɗai yake mance ƙarshen labarin da ya ɗauko. Ita ma ta amince, da sharaɗi guda: sai mahaifinta, tsoho Genzo, ya yarda. In ya ce a'a, magana ta mutu.

Genzo shi ne shugaban masu ɗaukar mikoshi, ɗan gidan nan mai rufin zinari da abin bautar gari ke shiga ranar biki, a saɓa shi a kan gungume a zaga da shi unguwa-unguwa har cikin teku, don kifi ya yi albarka. Masunci ne da duk gaɓar nan ta shaida bai taɓa ƙara wa kifin da ya kama ko tsawon yatsa ba. Da aka kai masa maganar auren, abin da ya ce bai wuce kalma uku ba: "Ya zo biki."

Sumie ta ja wa Tokuji kunne a waya.

"Tokuji-san, ka zo, ka gaishe shi, ka sha kankana, ka yi kallo. Shi ke nan aikinka. Baba ba ya son ƙarya ko ta wasa."

"Ni da ƙarya? Haba Sumie-san, ko kusa da ita ba na zama."

Abin da bai gaya mata ba shi ne, ya riga ya yi waya da ƙaninta Masaru. Masaru ya yi kuskuren ambaton mikoshi, bakin Tokuji kuwa bai jira izinin mai shi ba.

"Mikoshi? Ai shekara talatin ina ɗauka a Tokyo."

"To madalla," in ji Masaru. "Ashe za mu ga kanta ta birni."

Nan gizo yake saƙa. Duk wanda ya daɗe yana sa kafaɗa a ƙarƙashin gungume, wani ƙululu yakan fito masa a gindin wuya kamar tozon sa, kuma a garinmu da shi ake ado. A gidan wanka sai an dubi kafaɗarka kafin a dubi fuskarka. Kantar Genzo ta kai rabin gwanda. Kafaɗar Tokuji kuwa sumul take, abu mafi nauyi da ta taɓa ɗauka shi ne igiyar jakar ofis.

Amma Tokuji ba mutumin da dabara ke ƙare wa ba ne. Yana fitowa daga tasha da safe ya hangi rumfar Kaka Tome, tana jera moci, tuwon shinkafar nan mai danƙo da ake kirɓawa a turmi a cusa masa jan wake da sukari a ciki. Ya tsaya ya ƙura wa ɗaya ido. Girman ya yi, siffar ta yi. Ya sayi uku, ya shige banɗakin tasha, ya cinye ɗaya don ya tabbatar da ingancin kaya, ya ɗora ɗaya a kafaɗar hagu ya liƙe da filasta. Ya dubi madubi, ya ga wannan bai wuce kantar shekara goma sha biyar ba. Sai ya ɗora na biyun a kai.

Shirinsa mai sauƙi ne. Zai shiga, a ga tozo, a jinjina, a ce ya zo ya sa kafaɗa, shi kuma ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce baƙo ba ya shiga hurumin 'yan gari. Daga nan sai kankana, sai inuwa, sai aure.

A ƙofar gidan Genzo, Tokuji ya fara da buga goshi a saman ƙofa. Ya shiga yana ganin taurari, ya durƙusa a kan tabarma, ya kai goshin ƙasa.

"Na same ku lafiya, Baba?"

"Ban haife ka ba," in ji Genzo.

Tsohon yana zaune da fanka ta hannu, karensa Maru na kwance a gefe. Bai dubi fuskar baƙo ba, kafaɗar ya duba. Maru ma ya ɗaga kai, ya shinshina iska, ya tashi zaune.

Masaru ya matso, gajere kakkaura, idonsa waje. "Kai! Kumagai-san, wannan ai ta fi ta Baba. Bari in taɓa."

Tokuji ya zame. "A'a, ba a taɓa ta. Tana da zuciya."

"Na ga kamar tana motsi."

"Irin ta Tokyo ce. In ta nuna, laushi take yi."

"Tamu in ta tsufa tauri take yi."

"Ruwan kowane gari da irin nasa."

Genzo ya ci gaba da fifita. Tokuji ya ga lokaci ya yi, ya sunkuyar da kai ya fara karatun da ya haddace a jirgi. "Sai dai ni baƙo ne, kuma baƙo ba ya…"

"A ba shi riga," in ji Genzo. "Gaba, hagu."

Ɗakin ya ɗauki sowa. Gaba ta hagu nan ne wurin girma, mutum yakan yi furfura yana jiran a sa shi, kuma Genzo bai taɓa ba wa baƙo ba. Masaru ya sunkuya yana taya shi murna. Tokuji ya yi yaƙe, ya nemi hanyar fita.

Sumie ta tare shi a lungun zaure, ta rage murya.

"Mene ne wannan a kafaɗarka?"

"Tarihi."

"Watan jiya babu tarihin."

"Zafi ne ke fito da shi."

Ta dube shi irin duban da ake yi wa kifin da aka ce na yau ne, ta wuce.

Farar rigar biki da aka ba shi ta tsaya masa a cibiya. Takalmin zane mai tsagin yatsa ya ƙi wuce dugadugi, aka taru aka cusa. A banɗaki ya sa rigar, ya ce haka ake yi a Tokyo, babu wanda ya yi musu, don babu wanda ya damu da yadda ake yi a Tokyo.

A harabar ɗakin bauta, malamin wurin ya kaɗa farar takarda a kan jama'a, aka tafa, aka sunkuya, ganga da sarewa suka ɗauka. Masu ɗauka suka jeru. Sai a nan Tokuji ya lura da wani abu. Mu mutanen Namiura ba mu da tsawo, kakanninmu sun ce iskar teku ce ke danne mu. Mafi tsawo a cikin jerin, kansa a haɓar Tokuji ya tsaya. Shi dai bai ga illar hakan ba, har ma ya juya yana ba da shawara.

"'Yan'uwa, sirrin abin a numfashi yake. Mu a Tokyo…"

Genzo ya buga katako biyu da juna, alamar tashi, aka ɗaga.

Ƙarar da ta fito daga bakin Tokuji ba ta Tokyo ba ce, ba kuma ta wani gari da muka sani ba. Gungume ba ya duba shekarun mutum ko labarinsa, kafaɗar da ta fi tsawo yake nema ya kwanta a kai. Duk waɗanda ke bayansa a ɓangaren hagu suka ga gungumen ya tashi ya bar kafaɗunsu da tazarar tafin hannu. Masaru ya dubi tazarar, ya dubi na kusa da shi. Suka ɗora yatsu a jikin gungumen don ganin ido, suka buɗe murya suna ihun biki fiye da kowace shekara.

Aka fito titi. Masaru yana ɗaga wa matarsa hannu biyu. Wani a bayansa ya gyara ɗaurin goshinsa, ya sake kwancewa, ya sake ɗaurawa. Tokuji ya gane inda matsalar take, sai ya lanƙwasa gwiwa don ya daidaita da jama'a, ya koma tafiya kamar agwagwa ta ɗauki kaya.

Matan da ke bakin titi suka fara sharhi.

"Wannan ne baƙon Sumie?"

"Shi ne. Wai shekara talatin."

"Me ya samu ƙafafunsa?"

"Rawar birni ce. Kumagai-san! Haka ake yi yanzu?"

"Sabon salo ne," in ji Tokuji ta tsakanin haƙora.

Gwiwar ba ta daɗe ba ta ce ba da ita ba, ya miƙe, gungumen ya dawo gida. Sannan ga ruwa. Al'adarmu ce kowane gida ya fito da bokiti ya watsa wa masu ɗauka don su ji sanyi. Mai watsa ruwa kuwa abin da ya fi fitowa fili yake nufa. Daga gidan mai aski har gidan mai gyaran koma, bokitin da aka ɗaga duk a fuskar Tokuji ya sauka, na ƙasa sai ɗan yayyafi suke samu suna godiya. Rana ta take, zufa ta haɗu da ruwa, gungume yana kirɓa daga sama. Abin da Kaka Tome ta fara a turmi, mikoshi ya ci gaba da shi. Tozon ya baje, ya sulalo ta wuyan riga, ya kama gungume ya riƙe gam.

Ana cikin tafiya akan canji masu ɗauka: wani zai dafa bayanka, ka zame, ya shiga. Tokuji tun daga harabar ɗakin bauta yake addu'ar wannan hannun. Da ya ji shi a bayansa, saura kaɗan ya yi kukan daɗi. Ya sunkuya zai zame, kafaɗa ta ce tana nan. Ya ja kaɗan, ya ji wani abu yana miƙewa a gefen wuyansa. Ya koma da sauri.

"Kumagai-san, fito ka huta," in ji mai canjin.

"Ban gaji ba."

"Fuskarka ta zama shuɗiya."

"Launin gidanmu ne."

A gaban kasuwar kifi aka yada zango na farko. Aka ɗora mikoshi a kan ƙafafun katako, kowa ya watse wajen shayin sha'ir mai sanyi da kankana. Ƙafafun katakon an yi su ne daidai mutanen Namiura, don haka Tokuji ya rage shi kaɗai a ƙarƙashin gungume, a rankwafe, ba tsaye ba, ba zaune ba.

Masaru ya ƙwalla masa kira da baki cike. "Kumagai-san, ga inuwa!"

"Mu a Tokyo ba ma rabuwa da gungume sai an tashi biki."

Wani tsoho da ya yi zamani da Genzo ya cire tabarau ya share ido, ya ce rabonsa da ganin irin wannan riƙon al'ada tun yana yaro. Aka yi ta kai maganar baki-baki har ƙarshen layi. Genzo dai yana kallon karensa, wanda ya bar kifin da aka jefa masa ya je ya zauna a gaban baƙo yana lasar baki.

Sumie ta zo da yankan kankana, ta tsuguna kamar mai ba shi a baki.

"Fito daga nan."

"Ba zan iya ba."

"Girman kai?"

"Danƙo."

Ta matso da hanci, ta shaƙa, ta rufe ido na ɗan lokaci. "Na Kaka Tome ne?"

"Biyu."

"Tokuji-san, saurare ni. Ka kira Baba yanzu ka gaya masa da bakinka. In shi ya gano da kansa, jirgin yamma za ka bi, kuma ba zan raka ka tasha ba."

Muryarta ta ɗan karye a ƙarshe, abin ya soki Tokuji fiye da gungumen. Ya so ya faɗa. Amma sai ya hangi tsohon nan mai tabarau yana nuna shi ga jikokinsa.

"Saura kaɗan, Sumie-san. Kin ji yadda ake yabona?"

Ta cusa masa kankanar har ɓawo, ta tashi.

Sukari ba ya ɓuya. Tun yana rankwafe kiyashin kasuwar kifi suka sami labari, suka yi layi ta takalmin zane, suka bi ƙafa, suka wuce cibiyar da riga ta bari a buɗe. Ana ɗaga mikoshi suka isa wurin aiki. Tokuji ya yi tsalle, ya girgiza ƙugu, ya karkaɗa kafaɗa. Ga shi kuwa ƙa'ida ce, abin da na gaba ya yi shi na baya ke bi.

"Baƙo ya ce a girgiza!" in ji Masaru.

Aka girgiza. An ce abin bautarmu yana son a jijjiga shi, yana jin daɗi, kifi ya ƙaru. Bana kam ya sha jijjiga. Mikoshi ya yi sama ya yi ƙasa, ƙararrawar jikinsa na kaɗawa, masu ganga suka haukace, tsofaffi suna tafi daga tagogi. Duk saukowar da gungume zai yi, a wuri ɗaya yake sauka. Tokuji yana ihu, jama'a suna amsa masa, don ba a rarrabe ihun biki da na neman ceto.

Daga nan hanya ta gangara zuwa bakin teku, nauyi duka ya taho gaba. A tsakiyar gangaren Tokuji ya ji wani abu ya yi fus a gindin wuyansa, wani ɗumi ya biyo ƙirjinsa. Kafin a taka rairayi, farar riga ta rine ja daga kafaɗa har ciki.

Matar mai aski ce ta fara gani. "Jini! Kantar baƙo ta fashe!"

Ganga ta tsaya. Aka ɗora mikoshi a kan ƙafafun katako, gari duka ya yi zobe. Wata ta ce a kira motar asibiti, wata ta ce a kawo ƙanƙara, tsoho mai tabarau yana kuka a fili. Tokuji, a rankwafe, ya ga ƙofa ta buɗe masa: jarumi ya ji rauni a bakin aiki, a lulluɓe shi da tawul, a ɗauke shi, sauran bayani a asibiti.

"Kada ku damu," ya ce da muryar mai barin wasiyya. "A Tokyo ma ta sha fashewa."

Sai jama'a suka dare, malamin ɗakin bauta ya shigo. Ya dubi rigar, ya dubi jan da ya shafi gungume, fuskarsa ta canza.

"Genzo-san, jini ya taɓa mikoshi. Ka san hukuncin. Ba zai shiga teku da ƙazanta ba. Bana sai dai a mayar da shi."

Maganar ta faɗo a kan mutane kamar dutse. Shiga tekun nan shi ne bikin, sauran duk rakiya ce. Masunta suka dubi jiragensu da aka yi wa ado da tutoci suna jira a kan ruwa. Babu wanda ya zagi baƙo, kuma hakan ya fi zagi ciwo.

Genzo ya tako a hankali ya tsaya gaban Tokuji. Da yake ɗaya a rankwafe yake, karo na farko idonsu ya daidaita.

"Jini ne?"

"Wato… ya danganta da abin da ake kira jini."

"Jini ne?"

"Akwai ja a ciki."

Ya nemi Sumie da ido. Tana tsaye a bayan mahaifinta, hannu a harɗe, ba ta ko ƙifta ba. Ta ɗaya gefen kuma ga Kaka Tome ta kutso da farantin mocinta na talla, ta ƙanƙance ido tana duban rigar, ta miƙo yatsa.

Har yau ana gardama a Namiura kan wanda ya riga, bakin Tokuji ko yatsan Kaka Tome. 'Yan gidan Genzo sun ce baki ne, da kaɗan. Mai aski ya ce kunnen doki aka yi.

"Wake ne," in ji Tokuji.

Kaka Tome ta lakato, ta kai baki, ta ɗan tauna.

"Nawa ne," ta ce. "Da safe ya saya. Na ma ce masa kada ya bari ya sha rana."

Malamin ɗakin bauta ya yi gyaran murya, ya yi tunani, ya ce iyakar saninsa babu hukunci a kan wake. Hasali ma moci abin sadaka ne, akan kai shi ɗakin bauta, sai dai ba ta wannan hanyar ba.

"A ɗaga," in ji Genzo.

Masu ɗauka suka kama, suka ɗaga mikoshi sama da kawunansu a kan tafin hannu, kamar yadda ake yi kafin shiga ruwa. Gungume ya tashi, Tokuji bai tashi ba. Tsakanin kafaɗarsa da gungumen wani farin abu ya miƙe, ya yi ta miƙewa, siriri, yana sheƙi a rana, filasta na reto a tsakiya, kiyashi na kai da kawo a kai. Shekara talatin ɗin nan kowa ya gan su da idonsa. Sai wata shirwa, irin waɗanda ke fauce abinci a hannun masu yawon bakin teku, ta sauko ta tsinke abin ta yi sama da rabi. Maru ya ji da sauran.

Dariyar da aka yi, jiragen da ke kan ruwa sun ji ta. Tsoho mai tabarau ne kaɗai bai yi ba, ya ce a mayar masa da hawayensa.

Genzo ma bai yi ba. Ya sa hannu ya janye wuyan rigar Tokuji. Kafaɗar ta saɓule, ta kumbura, ta yi baƙi-baƙi.

"Wannan na ƙasan fa, a wace rumfa ka saya?"

"Nawa ne," in ji Tokuji, kansa a ƙasa. "Ban taɓa ɗaukar mikoshi ba sai yau. Ko kujerun da nake sayarwa, wasu ke ɗora su a mota."

Ya miƙe da ƙyar, ya sunkuya wa tsohon, ya sunkuya wa Sumie bai iya duban fuskarta ba, ya juya wajen hanyar tasha. Takalmin zane ɗaya ya riga ya tsage.

"Baba, tsaya!" Masaru ne, ya buɗe rigarsa yana nuna kafaɗa. "Dubi nan. Ko ja ba ta yi ba. Tun ina saurayi ban taɓa zuwa bakin teku da numfashina ba sai yau."

"Ni har gyangyaɗi na yi a gangare," in ji na bayansa.

"Shugaba, irin wannan ba a bari ya bar gari!"

"A ba shi! In Sumie-san ba ta so, ina da ƙanwa!"

Sumie ta waiwaya ta dubi mai ƙanwar, ya koma bayan gungume.

Genzo ya bari hayaniya ta lafa. Ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya yi magana da bayan Tokuji.

"Kai mai wake. Dawo."

Tokuji ya dawo.

"Ƙaryarka ta fi ƙarfin bakinka, har kafaɗa ta taya shi ɗauka. Amma kantar ƙasan ta gaske ce, sai dai jaririya ce. Gaba, hagu, kowace shekara, har ta kai girman wadda shirwa ta ɗauka. In ta kai, ka daina."

Masu ɗauka suka yi sowar da ba su yi wa abin bauta ba. Tokuji ya dubi gungumen, ya dubi tozon Genzo da ya ci rayuwa guda kafin ya kai haka, ya dubi Sumie, wadda ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa, ido ya cika da hawaye. Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa rairayi.

"Na gode, Baba."

Kowa ya kasa kunne ya ji ko zai sake cewa bai haife shi ba. Genzo ya ɗauki katakonsa biyu.

"Koma ƙarƙashin gungume," ya ce. "Ba mu shiga ruwa ba tukuna."

Tokuji ya sa ɗanyar kafaɗa, gungume ya kwanta a wurinsa kamar ya yi kewa, na baya suka ɗora yatsunsu. Igiyar ruwa ta zo ta lashi ƙafafunsa. Sumie ta biyo shi da sauri har bakin kumfa.

"Tokuji-san, har wuya ake shiga fa. Ka iya ruwa?"

Ya ɗago kai, ƙirjinsa ya buɗe, idonsa ya kawo haske.

"Ruwa? Ni? Ai shekara tala…"

Ta miƙa hannu farantin Kaka Tome, ta ɗauki mafi girma, ta toshe masa baki da shi. Genzo ya buga katako, aka nufi teku.